KAFIN KA BUƊE SHAGO: NASIHA GA MAI ƘARAMIN JARI



Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammad (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

'Yan'uwa, makon jiya bayan mun tashi daga karatun da muke yi tsakanin Magariba da Isha'i, wani matashi ya tsaya har kowa ya watse. Na ce masa lafiya? Sai ya sunkuyar da kai ya ce: "Malam, Hajiyarmu ce ta sayar da filinta na gado, ta ba ni naira dubu 600 in ja jari. Wata tara ke nan da na buɗe shagon kayan masarufi. Jiya na ƙirga abin da ya rage a ciki, bai kai na dubu 100 ba. Wallahi Malam ba na caca, ba na shaye-shaye, ban san inda kuɗin nan suka shiga ba. Har yanzu na kasa gaya mata."

Na tambaye shi, kana da littafin da kake rubuta ciniki? Ya ce babu. Cefanen gidanka daga ina kake ɗauka? Ya ce daga durowar shago. Mutum nawa kake bi bashi? Ya fara ƙirge da yatsu, da ya wuce goma sha biyar sai ya rikice. A wurin wa ka koyi sana'ar kafin ka fara? Ya yi shiru.

Na nemi izininsa in ba da labarin ba tare da na faɗi sunansa ba, ya yarda. Domin na san irinsa suna da yawa a cikin masu bibiyar wannan shafi: wani an biya shi kuɗin sallama, wata ta kwashi adashe, wani an raba gado. Kuɗi ne da ba za su sake zuwa karo na biyu ba. To ga abin da na gaya masa, da ƙarin abin da lokaci bai ba ni damar faɗa ba a daren nan.

1. KA SAN HUKUNCI KAFIN KA SHIGA

Kasuwanci sana'a ce mai daraja. Manzon Allah (SAW) ya yi fatauci zuwa Sham da dukiyar Nana Khadija (RA) tun kafin a aiko shi. Sayyidina Abubakar, Sayyidina Usman da Abdurrahman bin Auf (RA) duk 'yan kasuwa ne, kuma duk suna cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna. Saboda haka kada wani ya sa ka ji kunyar tsayawa a bayan kanta don kana da digiri. Neman abin da za ka ciyar da iyalinka ka rufa wa kanka asiri ibada ne in ka kyautata niyya.

Amma ibada ba a yin ta da ka. Tirmizi ya ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) ya hana wanda bai fahimci addini ba yin ciniki a kasuwar Musulmi. Dalili kuwa a fili yake: wanda bai san riba ba zai ci ta yana murna, yana cewa Allah ne Ya buɗa masa. Mun iya babin tsarki da na sallah, sai mu tsallake babin ciniki kamar ba da mu ake ba, alhali yana nan cikin Risala, yana nan cikin Bulugul Maram. Ka samu malamin unguwarku ka ce ya biya maka wannan babin. Sati biyu ko uku ne, kuma zai tsare maka dukiyarka har ƙarshen rayuwa.

2. KA KOYI SANA'AR KAFIN KA ZUBA KUƊI

Lokacin da Abdurrahman bin Auf (RA) ya yi hijira zuwa Madina, hannunsa babu komai. Ɗan'uwansa Sa'ad bin Rabi' (RA) ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Sai ya sa masa albarka, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Bukhari ya kawo labarin. Abin da ya fara dawowa da shi gida ɗan cuku ne da man shanu. Ku lura da abu biyu. Mutumin ya iya kasuwanci tun daga Makka, abin da ya rasa jari ne. Kuma bai raina farawa da cuku ba.

Mu kuma yau akasin haka muke yi: ga jari, babu sani. Iyayenmu ba haka suka yi ba. Manyan 'yan kasuwar da kuke gani a Kantin Kwari, Singa da Dawanau, da yawansu yaran shago ne a da, sun shekara da shekaru suna ɗaga dila, suna zuwa aike, suna kallon yadda maigida yake taya kaya da yadda yake sallamawa. Alhaji Alhassan Dantata, mutumin Bebeji da ya rasu a 1955, ya daɗe a fataucin goro kafin a san shi da dalar gyaɗa.

Saboda haka in ka yanke shawarar sana'ar da za ka yi, ka ajiye kuɗinka tukuna. Je ka wurin wanda ya daɗe a cikinta ka ce za ka taya shi zama, ko da wata uku ne, ko da ba zai ba ka komai ba sai abincin rana. A nan za ka ga wane kaya ne yake tafiya, wane ne yake kwantai, wane ne yake lalacewa, a ina ake sari da sauƙi, wane wata ne kasuwa take mutuwa. Sannan ka je wurin da kake son kama shago ka zauna kwana biyu ko uku, safe da yamma, ka ga masu wucewa. Shago nawa ne a layin suke sayar da abin da kake son sayarwa? In masu POS huɗu ne a kwana ɗaya, kai na biyar me za ka samu?

Ka yi shawara da masu sana'ar, sannan ka yi istihara. Kada ka yi ɗaya ka bar ɗaya.

3. JARI: INA YA FITO, YAYA ZA A RABA SHI

Matashin nan, cikin dubu 600, ya biya hayar shekara dubu 180, ya kashe dubu 70 a kanta da fenti da allon suna. Kafin ya sayar da ko ashana ɗaya, dubu 250 sun tafi. Ragowar dubu 350 ya zuba su kaf a kaya, bai bar ko sisi a gefe ba.

Fenti ba ya kawo ciniki a watan farko. In za ka iya farawa da tebur a ƙofar gida, ko daga ɗaki, ko ka raba shago da wani, ka fara a haka. Kuma duk yadda jarin yake, ka ware wani abu ka ɓoye, ko da kashi ɗaya cikin biyar ne. Ranar da kaya suka tashi, ko yaro ya kwanta asibiti, shi zai hana ka taɓa uwar kuɗi.

Game da inda jari zai fito, ina roƙonku don Allah ku nisanci manhajojin bashi na waya. A ba ka dubu 50 ka mayar da dubu 60 bayan wata ɗaya, wannan ita ce ribar da Allah Ya shelanta yaƙi da mai cin ta a ƙarshen Suratul Baƙara, kuma hadisin Jabir (RA) a Sahihu Muslim ya haɗa mai ci da mai bayarwa da marubuci da shaidu cikin tsinuwa. Ko ta fuskar lissafi ma, wace ƙaramar sana'a ce za ta ba ka ribar kashi 20 cikin 100 a wata bayan ka ci abinci? Ga kuma tozarci: in ka makara, su bi lambobin da ke wayarka suna aika wa surukanka saƙo.

Hanyoyin halal suna nan. Akwai adashe da mutanen da ka yarda da su. Akwai rance mai kyau, a ba ka dubu 50 ka mayar da dubu 50. Akwai karɓar kaya a wurin ɗan sari zuwa wani lokaci sananne a kan farashi sananne. Ko da farashin ya ɗara na kuɗi hannu ya halatta a wurin mafi yawan malamai, muddin an yanke shi tun farko kuma ba za a ƙara ba in ka makara. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, da waɗanda suka biyo bayansa; su ma ka karanta takardar da kyau, abin da ba ka gane ba ka kai wa malami kafin ka sa hannu.

Sannan akwai ƙiradi, wanda ake kira mudaraba: wani ya kawo kuɗi, kai ka kawo aiki. Nan ne mutane suka fi yin kuskure. Za ka ji an ce, "Ba ni dubu 500, duk wata zan riƙa ba ka dubu 40, kuma kuɗinka suna nan." Wannan ba ƙiradi ba ne, bashi ne da ya jawo amfani. A ƙiradi na gaskiya riba ake rabawa da kaso, rabi da rabi, ko kashi 60 da 40, gwargwadon yadda kuka daidaita. In an samu da yawa kowa ya samu da yawa, in ba a samu ba babu wanda ya samu. In aka faɗi ba da sakaci ko ha'inci ba, mai kuɗi ya yi asarar kuɗinsa, mai aiki ya yi asarar wahalarsa.

Da wannan ma'aunin za ka gane 'yan damfara. Duk wanda ya ce ka zuba kuɗi za su ninka cikin wata ɗaya, babu faɗuwa, kuma bai iya nuna maka kayan da ake saye ake sayarwa ba, ka rabu da shi. Mun ga abin da MMM ta yi wa mutane a ƙarshen 2016, kuma har yau irinta suna dawowa da sabon suna, wani lokacin ma da sunan Musulunci. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

4. CINIKI DABAN, RIBA DABAN

Wannan shi ne ya karya matashin nan, kuma shi yake karya mafi yawan ƙananan shaguna. Bari mu yi lissafin tare kamar yadda muka yi da shi a kan tabarmar masallaci.

A ɗauka ka saro katan ɗin taliya a kan dubu 18. Kuɗin mota da dako naira 500. Ya tsaya maka dubu 18 da 500. Guda 20 ne a ciki, ka sayar da kowace naira 1,000, ka samu dubu 20. A cikin dubu 20 ɗin nan naka naira 1,500 ne kacal. Sauran na katan ɗin gobe ne.

Shi yana cinikin kamar dubu 40 a rana. A irin wannan lissafin ribarsa dubu 3. Wuta da man janareta da leda suna cin 800. Saura 2,200. Amma da yamma in ya buɗe durowa ya ga dubu 40, sai ya ɗauki dubu 3 na cefane yana ganin ai bai taɓa komai ba. Kullum yana cin naira 800 daga uwar kuɗi bai sani ba. Naira 800 sau kwana 270, dubu 216 ke nan. Ka ƙara da bashin kusan dubu 60 da ke hannun mutane. Ga inda filin Hajiya ya shiga. Kuma ko sisi bai tara na hayar baɗi ba, alhali dubu 180 a shekara naira 500 ce a kowace rana, da ya kamata tun ranar farko yana jefa ta a asusu.

Da muka gama lissafin sai ya riƙe baki. Ba aljani, ba sammu, ba maƙiya. Rashin biro da takarda ne.

Maganin abu uku ne. Ka sayi littafi, ka rubuta duk abin da ya shigo da duk abin da ya fita, har ruwan leda da ka sha. Ka yanka wa kanka albashi daga riba, abin da shagon zai iya ɗauka, kada ka wuce shi. In gida ya ɗauki sukari a shago a rubuta a cire daga albashin. Sannan duk ƙarshen wata ka ƙirga kayanka gaba ɗaya, ka haɗa da kuɗin hannu, ka gani jarin gaba yake yi ko baya. Ka buɗe wa sana'ar asusun banki nata daban da naka. In ta fara tsayawa da ƙafarta, ka yi wa sunanta rajista a hukumar CAC.

Wani abu kuma: tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya ga yadda farashi yake gudu. In ka saro a dubu 18, kafin ka sayar ya koma dubu 21 a Singa, ka sa farashi da abin da za ka sake sarowa, in ba haka ba za ka sayar da katan goma ka dawo da tara. Wannan ba zalunci ba ne. Shari'a ba ta yanke wa riba iyaka ba. Urwa al-Bariƙi (RA), Manzon Allah (SAW) ya ba shi dinari ɗaya ya sayo akuya, ya sayo biyu, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya dawo da akuya da dinari, kuma aka yi masa addu'ar albarka. Abin da aka hana shi ne ka ɓoye abinci lokacin da mutane suke cikin buƙata don ya yi tsada, ko ka ga baƙo ko yaro bai san farashi ba ka yanke shi.

5. BASHI

Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ba za ka yi ciniki a unguwa ka ce ba za ka taɓa bayarwa ba. Amma ka tuna aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka da kafa masa shaidu. Allah da Ya san halinmu Shi Ya yi umarni a rubuta. To don me za ka ji nauyin ɗauko littafi a gaban maƙwabcinka? Ka rubuta suna, da abin da aka ɗauka, da ranar biya, a gabansa.

Ka sa wa kanka iyaka. Misali ka ce bashin da ke waje ba zai wuce kashi ɗaya cikin goma na jarina ba. In ya kai nan, sai wani ya biya kafin wani ya ɗauka. Wanda bai biya na baya ba kada ka ƙara masa.

Wani zai ce, Malam ina tausayi? Tausayi yana nan. Wanda ka tabbatar yana cikin ƙunci, Alƙur'ani ya ce a jinkirta masa, in ka yafe ya fi maka alheri. Amma ka yi sadakarka da saninka, daga ribarka, ka ware ta da niyya ka samu lada. Kada ka bar jarin mahaifiyarka ya narke a hannun mutane, kai ba ka yi niyyar sadaka ba, su ba su yi niyyar biya ba, a ƙarshe a daina gaisawa.

Ku kuma masu ɗaukar kaya, 'yan'uwa da abokai, ku ji tsoron Allah. Mai hali ya riƙa jan biyan bashi zalunci ne da nassin hadisi. Kana bin bayan layi don kada mai shago ya gan ka, ga sabuwar waya a hannunka. Shagon ɗan'uwanku ba rumbun gado ba ne. In kuna son ya ɗore, ku fi kowa saurin biya.

6. GASKIYA A MUDU DA A BAKI

Sura guda aka saukar da sunan masu tauye awo, Suratul Muɗaffifin, kuma da narkon azaba ta buɗe. Mutanen Madyana da aka aiko wa Annabi Shu'aibu (AS), cikin laifin da aka halaka su da shi akwai tauye mudu da sikeli. Manzon Allah (SAW) ya taɓa wucewa ta wurin wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tsibin ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama. Ya tuhume shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, kuma ya barranta daga mai algus. Muslim ne ya ruwaito.

Mu dubi kanmu. Mudun saye daban, na sayarwa daban. A bubbuge gindin kwano ya shige ciki. Manyan tumatir a saman kwando, ruɓaɓɓu a ƙasa. A haɗa tsohon wake da sabo. A zuba wa hatsi maganin ƙwari mai guba a kai kasuwa washegari, ba ruwanka da yaran da za su ci. Wayar da aka kwance aka gyara, a mayar da ita kwali a ce sabuwa ce. Kayan da kwanan watansu ya wuce a goge a sake bugawa. Duk wannan wuta ce mutum yake tarawa yana kiranta riba.

In kayanka yana da aibi ka faɗa, ka rage kuɗi. Hadisin Hakim bin Hizam (RA) a Bukhari da Muslim ya nuna albarkar ciniki tana rataye da gaskiya da bayyanawa, kuma ƙarya da ɓoyewa suna shafe ta. Ka kuma rage rantsuwa. "Wallahi ko uwar kuɗi ban mayar ba," alhali ka san ka ci dubu biyu. Rantsuwa tana sayar da kaya, amma tana kwashe albarka. In ba ka son faɗin yadda ka saro, ba dole. Ka ce albarka kawai.

Ko don duniya ma, mai ƙaramin shago ba shi da abin talla da ya wuce bakin mutanen unguwa. Matar da ta aiko yaro ya dawo da cikakken mudu da canjinsa daidai, ita za ta gaya wa gidaje biyar. Ka saki fuska, ka karɓi kayan da aka dawo da su in da hali. An yi addu'ar rahama ga mai sauƙin kai in zai sayar, in zai saya, da in zai karɓi bashinsa.

7. MASU CINIKI A WAYA, MUSAMMAN 'YAN'UWA MATA

Yanzu da yawa a WhatsApp da Facebook suke kasuwanci, kuma alheri ne, musamman ga matan aure da suke sana'a daga ɗakunansu. Uwar muminai Zainab bint Jahsh (RA) tana aiki da hannunta tana sadaka da abin da ta samu. Maigida, jarin matarka nata ne. In ka ranta ka biya, kada ka mayar da ribarta kuɗin cefanen da yake wajibinka.

Amma akwai mas'ala. Za ki ɗauko hoton atamfa daga shafin wani ɗan Kwari ki ɗora, wata ta ce tana so, ki karɓi kuɗinta a matsayin kin sayar, sannan ki tafi nema. In kin je babu fa, ko ta tashi? Hakim bin Hizam ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da irin wannan, aka hana shi sayar da abin da ba ya wurinsa. Mafita mai sauƙi ce. Ko ki daidaita da mai kayan ki zama wakiliyarsa a kan la'ada sananniya. Ko ki gaya wa mai saye gaskiya: ba ni da shi a hannu, zan sayo miki, ladan aikina kaza. Ko ki karɓi magana kawai, sai kin sayo ya shigo hannunki sannan ku ƙulla ciniki. Kuma hoton ya zama na kayan da za ki kai ne. Gyara hoto har launi ya canza algus ne.

Kada ki saki kaya don an turo miki hoton rasit. Ki buɗe asusunki ki ga kuɗin sun shiga, domin alat na bogi ya yi yawa. Kuma don Allah a daina ɗora wa 'yan mata tire suna yawo tasha da gareji har dare. Babu ribar da za ta biya abin da ake rasawa a nan.

8. YARON SHAGO DA ABOKIN TARAYYA

In ka ɗauki yaro, ku yi magana a fili tun ranar farko: nawa ne, yaushe ne, in akwai sallama bayan shekara nawa. Kada a bar shi a "ai ɗana ne", ya shekara bakwai a ƙarshe a ce ya yi sata don kada a sallame shi. Hadisi ƙudusi a Bukhari ya ambaci mutum uku da Allah da kanSa zai yi husuma da su ranar ƙiyama, cikinsu akwai wanda ya sa ɗan ƙwadago aiki ya cika masa, shi kuma ya hana shi ladansa. Kai kuma yaro, durowar maigida amana ce.

In tarayya za ku yi, ko da wanda kuka fito ciki ɗaya ne, ku rubuta: kowa nawa ya kawo, wa zai zauna, yaya za a raba riba, in wani zai fita ko ya rasu yaya za a yi. Ku sa shaidu biyu. Gidaje nawa ne zumunci ya tsinke saboda shagon da aka buɗe da "ai mu 'yan'uwa ne"?

9. SALLAH, SAMMAKO DA ZAKKA

Manzon Allah (SAW) ya yi wa al'ummarsa addu'ar albarka a sammakonta. Sahabin da ya ruwaito hadisin, Sakhr al-Gamidi (RA), ɗan kasuwa ne, da sassafe yake tura kayansa, kuma ya yi dukiya mai yawa. Mai shagon da yake buɗewa ƙarfe goma, masu sayen burodi da sukarin koko sun riga sun saba da maƙwabcinsa. Ka tsayar da lokacin buɗewa da na rufewa, mutane su san za su same ka.

In an kira sallah ka ja ƙofa. Cinikin da aka rubuta naka ne zai jira ka. Ranar Juma'a kuwa, daga kiran sallar huɗuba ciniki ya haramta ga wanda Juma'a ta wajaba a kansa, kamar yadda ya zo a Suratul Jumu'a.

Zakka kuma ba ta attajirai kaɗai ba ce. In dukiyar kasuwancinka ta kai nisabi, dinari 20, kimanin giram 85 na zinare, kuma shekara ta zagayo, za ka fitar da ɗaya cikin 40. Mai shago irin wanda kaya suke shiga suna fita, wanda malamanmu na Malikiyya suke kira mudir, zai tsayar da wata guda a shekara ya yi wa kayan sayarwarsa ƙima da farashin ranar, ya haɗa da kuɗin hannu da bashin da yake sa ran za a biya. Kanta da firji da sikeli ba sa ciki. Nisabi yana canzawa da farashin zinare, sai ka tambayi malamai na lokacin. In ba ka kai ba, ka saba da sadaka ko da ƙanƙanuwa ce.

KOMAWA GA MATASHINMU

Na ce masa gobe kada ka buɗe shago sai ka ƙirga komai ka rubuta. Ka bi masu bashi ɗaya bayan ɗaya da lalama, wanda ba zai iya biya gaba ɗaya ba ya riƙa kawo ɗari biyar-biyar. Ka karyar da kayan da suka yi kwantai, ka mayar da kuɗin kan abubuwa goma da aka fi tambaya. Ka rage abin da kake ɗauka ya dawo ƙasa da ribarka, ko da za ka nemi wani aikin ka haɗa. Ka fara jefa kuɗin haya a asusu tun yau.

Sannan na ce masa abin da ya fi masa nauyi: ka je ka gaya wa Hajiya. Ka tafi da littafin a hannunka, ka nuna mata inda ka yi kuskure da yadda za ka gyara, ka nemi gafararta da addu'arta. Gara ta ji daga bakinka yau da ta ji daga bakin mai shago ranar da ya sa kwaɗo. Faɗuwa a kasuwa ba abin kunya ba ne, manya da yawa sun karye sun tashi. Arziki na Allah ne, Shi yake buɗawa Shi yake ƙuntatawa, amma Ya umarce mu da riƙo da sababi, kuma littafin nan na naira ɗari biyar yana cikin sababi.

Shekaranjiya ya zo sallar Asuba da littafinsa a aljihu. Ya ce ya je ya gaya mata. Ta yi shiru, sannan ta ce Allah Ya mayar da alheri, ya riƙa kawo mata littafin duk Juma'a tana gani.

Wanda ya san wani da yake shirin jan jari, ya tura masa wannan rubutu kafin ya biya kuɗin haya.

Allah Ya azurta mu da halal mai albarka, Ya tsare mu daga riba da algus, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya saka wa iyayenmu da Aljanna. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum warahmatullah.